Saja Muzaffar da Injin Fasa Dutse

A ƙauyenmu da ke kusa da garin Chakwal a ƙasar Pakistan, kusan kowane gida akwai tsohon soja, amma babu mai murya irin ta Saja Muzaffar Awan. Aikin harba igwa ya cinye masa kunnen hagu gaba ɗaya, na daman ma sai an yi ihu. Da ya yi ritaya ya rasa abin yi, sai ya koma koya wa matarsa Zubaida yadda ake murza gurasar roti.

Ana nan sai wani ɗan kwangila, Malik Sarfraz, ya samu aikin gwamnati na shimfiɗa titi a yankinmu. Cikin sharuɗɗan kwangilar har da ɗaukar tsofaffin sojoji da masu naƙasa. Da aka kwatanta masa Saja, Malik ya yi murna, ga mutum ɗaya zai cike gurbi biyu.

Malik ya same shi a ƙofar gida, bisa gadon igiya.

"Baba Saja, na ɗauke ka aiki, amma yi zamanka a gida, albashi zai iske ka. Ranar da masu duba aiki za su zo kawai ka leƙo."

"Na'am? Gobe in zo?"

"A'a, cewa na yi ka zauna!"

"Da sassafe? To madalla, ɗana!"

Daga cikin gida Zubaida ta ɗaga murya: "Ya ji ka sarai, Yallaɓai Malik. Don Allah ku tafi da shi in huta."

Washegari ga Saja a wurin aiki, kaya sun sha guga, gashin baki a murɗe. Malik ya rasa yadda zai yi da shi, ya tura shi kula da injin fasa dutse, wanda ƙararsa ke korar leburori. Saja ya zagaya injin ya ce, "Wannan ake kuka da shi? Ai raɗa yake yi!"

Amma ganin leburori na toshe kunne da tsumma ya dame shi. Ya yi wa Malik magana, Malik ya ce sai an gani.

Da masu duba aiki suka zo, suka tambaye shi ko ana kula da shi. Saja ya ƙame, ya sara musu, ya shiga ba da rahoto har shayinsu ya huce. "Ni nawa kunnuwan na bar su a bakin daga, yallaɓai," in ji shi. "Waɗannan kuwa a kan tsakuwa za su bar nasu?" Malik na gefe yana sharce gumi. Ba a jima ba aka raba wa kowa marufin kunne.

Malik ya yi fushi na ɗan lokaci, amma da ya samu wata kwangilar, da kansa ya zo ɗaukar Saja. Tare suka yi ta aiki har gwiwoyin tsohon suka gaza.

Yanzu yana wuni a rumfar mai shayi a bakin titin. In babbar mota ta wuce da lodin da ya fi ƙarfinta, sai ya miƙe da sandarsa: "Kai direba! Ubanka ne ya fasa dutsen?"