Mai Neman Fasa Ƙofar Baya

A ofishin ayyuka na sakatariyar Safana, Ikrima yana zaune kan benci yana jiran layi, hankalinsa na kan wata dattijuwa da bai sani ba. Gyalenta ya koɗe, amma a goge yake. Hannu biyu ta sa ta riƙe takardar buhun siminti, an zana gida a jiki da gawayi. Ikrima ya ce a ransa, mijinta ya rasu ne, ko kasa tasowa ya yi?

"Inna, wane gyara za a yi?" in ji ma'aikacin.

"Ƙofa zan fasa ta baya, aka ce sai da izini."

"Ta gaban ba ta isa ba?"

Ta ɗago ta dube shi. "Ɗan nan, daga Runka muka taso. Can ƙofa ɗaya gare mu ranar da ɓarayin daji suka shigo."