Goran Kakana

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji shida, na tsaya a bakin ruwa rungume da kayan makarantata. Kogi ya cika ya batse tun kwana uku, ya shanye hanyar da muke bi zuwa Auyo, ga shi a ranar ce za a yi jarrabawar shiga sakandare a can. Kwalekwale biyun da ƙauyenmu ke da su an tafi da su fadama ceton shinkafa tun da sassafe. Babana ya riga ya yanke magana, ya ce in ta wuce ni, to karatun ya tsaya ke nan.

Ni kuwa duk ƙauyen babu matsoraciyar ruwa kamata. Ina 'yar shekara biyar santsi ya kwashe ni a wurin wanki, na sha ruwa na ƙoshi kafin a tsamo ni. Tun daga nan in ƙawayena suna ninƙaya suna tsinko bado, ni ina tudu ina gadin zannuwansu. Ko korar tsuntsaye aka tura mu gonar shinkafa, sai na laluba inda ya fi bushewa nake tsayawa da gwangwanina. Kaza suke kirana, tun ina kuka har na fara amsawa.

Ina tsaye hawaye na zuba sai ga kakana Malam Ilu, tsohon masunci, ɗauke da goransa. Ƙaton gora ne irin wanda masunta ke kwanciya a kai su toshe bakinsa da cikinsu, su yi ta yawo a kan ruwa suna zuba kifin da suka kama a ciki. Ya karɓi rigar makarantata da fensirina ya cusa a goran. "Amarya," in ji shi, don haka yake tsokanata, "hau mu tafi. Ko kin fi son ki zauna kina yi mini bandar kifi har ki tsufa?" Na hau na ƙanƙame goran da iya ƙarfina, nan take ya juye da ni a ruwan da bai kai ƙugu ba. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Saki jikinki kamar kina kan tabarmar uwarki. Kar ki kalli ruwa, kalli tsamiyar can ta ƙetare." Na sake hawa, haka muka tafi, ina tura ruwa da hannuwana ina salati, shi yana iyo a gefena yana tambayata sunayen kifi, tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, in na kuskure ya watsa mini ruwa a fuska. Ban ankara ba sai na ji ƙafata ta taɓa laka.

A ɗakin jarrabawa rigata a bushe take, amma ƙarnin kifi ya kama ta, har yarinyar da ke kusa da ni ta toshe hanci. Kunya kamar in nutse. Na ci jarrabawar, aka tura ni makarantar kwana, kuma ina can a shekara ta biyu aka aiko cewa Allah ya yi wa Kaka rasuwa. Ban taɓa zama na yi masa godiya ba, abin yana cina har yau.

Yanzu ina koyarwa a Haɗeja. An ɗaga hanyar ƙauyenmu, babur yana kai mutum Auyo ko ana ruwa, goran kuwa ya fashe tuntuni. In na bi ta kasuwar kifi da 'ya'yana sai su toshe hanci su ce, "Mama, yi sauri mana." Ni kuwa a nan ne nake rage tafiya.