Yadda Kaka Take Duba Ido

Ina yi wa ɗiyata 'yar wata takwas wanka ranar Talata na ga yatsunta sun kumbura. Ban san lokacin da na ja fatar idonta ƙasa da babban yatsa ba, kamar yadda marigayiya Kaka take yi mana.

Duk jikan da ya shiga gidanta a Akurba, kafin ya sha ruwa sai ta duba ko farin idonsa ya yi ɗorawa. Hannunta kullum ƙamshin daddawa. Wata rana na fizge kai na ce, "Kaka, ke likita ce?"

"Tsaya cak, ƙawata," ta ce. "'Ya'ya uku na binne da ciwon ƙashi. Aka ce mayu ne. Ni na san daga jinina da na kakanki ya fito."

Ba ta taɓa shiga aji ba, amma maganarta nas ta maimaita min da na kai ɗiyata asibiti. A kowace ƙwayar halitta akwai rubutun gado, rabi na uwa, rabi na uba, shi jiki ke bi yana ƙera jini. Ni da maigidana duk AS ne. In yarinya ta ɗauki S daga kowannenmu, sikila ce.

Aka ɗebi jininta don gwaji, na yi kwana biyu ina jiran sakamako. Ranar Alhamis bayan azahar nas ta miƙo min takarda.

"Maman bebi, kwantar da hankalinki. AS ce irinki. Kumburin nan cizon ƙwaro ne."

Allah ya kai haske kabarinki, Kaka, ya sa kin huta da fargaba.