Ilyasu Mai Walda da Taraktar Jiratawa

Ilyasu mai walda irin mutanen nan ne da idan ka gaishe su sai sun fara duba ko da zagi a ciki. Ɗan maƙeran Tibiri ne, ya koyi walda a Maraɗi, ya yi shekara goma sha ɗaya yana gyaran injunan manoman rani na Jiratawa. Hannu kam Allah ya ba shi. Bakin ne ba linzami.

Zaɓen shugaban ƙasa na casa'in da uku ya raba shi da Sha'ibu, ɗan kawunsa, shugaban ƙungiyar manoman. Sha'ibu ya tara mutane ya ce walda ai kowane ɗan tasha zai iya, aka sallami Ilyasu. Shi kuwa ya rantse da Allah ba ya sake taka Jiratawa. Ya kafa rumfa a unguwar Zariya, cikin Maraɗi, yana liƙa ƙofofi da gadaje, abu guda na cin ransa. So yake ya ji Sha'ibu ya faɗa da bakinsa, gaban jama'a, cewa babu mai hannunsa.

Da darajar sefa ta faɗi, kayan gyara suka yi wuya. Babbar taraktar manoman ta mutu, aka bar su da 'yar ƙarama, wadda da ta shiga jiƙaƙƙen fili sai tayoyin baya su nutse ta yi ta gurnani wuri ɗaya. Ga shukar alkama ta matso. Dole ta sa Sha'ibu ya ɗoro 'yar ƙaramar a babbar mota har ƙofar rumfar.

"Ashe ka san hanya," in ji Ilyasu, ko kai bai ɗago ba.

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Nutsewa take."

"Sai ka kira 'yan jam'iyyarku su tura."

Duk da haka ya tashi ya zagaya ta. Ya ce zai ƙara mata taya ɗaya a kowane gefe, baya ya zama huɗu, nauyin ya rabu.

Sha'ibu ya ce, "To amma faɗinta fa? Akwai wata..."

"Kai za ka koya mini aiki? Kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa?"

Sha'ibu ya dube shi, ya haɗiye sauran maganar. Mugu ne shi ma, kada ku ji tausayinsa.

Kwana uku Ilyasu yana aiki. Ya samo tsofaffin tayoyi, ya yanka bututu mai kauri ya sa tsakanin kowane biyu. Maimakon ya ɗaure da noti yadda za a iya kwancewa, sai ya narke komai da walda, wai don kada wani ɗan koyo ya taɓa masa aiki. Matarsa Zuliha ta kawo masa fura ta ce, "Malam, da ka aika an duba inda za ta bi." Ya ce babu takun da bai sani ba a Jiratawa, ta koma ga tukunyarta.

Abin da bai sani ba, bayan tafiyarsa ruwa ya cinye tsohuwar gadar da ke kan magudanar ban ruwa, an gina wata matsattsiya mai katanga gefe da gefe. Taraktar ta zo gadar ta tsaya cak, ta fi ta faɗi da taƙi guda. Duk filayen alkama suna hayi, har da na Sha'ibun kansa. Wallahi Sha'ibu ya san da gadar tun farko, amma ya gwammace shukarsa ta makara da ya ga an yabi Ilyasu.

Aka gwada kwancewa, ina. Mako guda tana tsaye, babu mai waldar da ya yarda ya taɓa aikin Ilyasu, kowa na tsoron bakinsa. Labari ya cika kasuwa. Ilyasu ya kasa cin abinci don takaici. Ya ɗora tukunyar gas a amalanke ya nufi Jiratawa, ga kaffarar rantsuwa ta hau kansa.

Manoma sun cika bakin gadar. Ya durƙusa ya kunna wuta, ya fara yanke liƙin, mai kyau kamar daga kamfani ya fito. Sha'ibu ya tsaya a kansa ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku shaida. Kaf Maraɗi babu mai hannun Ilyasu."

Aka kwashe da dariya. Ilyasu ya jawo baƙin gilashinsa ya rufe ido, ya ci gaba da yanka.