Baba Zacchaeus da Kwana Goman Kofur

Ƙarfe shida da rabi na safe, in ka tsaya a bakin hanyar da ta gangaro daga Kona, za ka ga wani dattijo a kan baƙin keke, ya ɗaure shuɗiyar kula a baya da robar taya. Ba ya sauri. Shekara talatin da biyar ke nan bai yi sauri ba, kuma ba a taɓa cewa ya makara ba. Zai tsaya wajen mai ƙanƙara ya zuba a kular, don alluran da ke ciki ba sa son zafi. Zai gaisa da Fulanin da ke shigo da nono, su ce masa Dokta, ya ce musu shi ba dokta ba ne, su ce to Dokta. Sunansa Zacchaeus, mataimaki ne a asibitin dabbobi a nan Jalingo, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Aikinsa ba abin da za a sa a rediyo ba ne. Allurar rigakafi, cire kaska, dandaƙa, ɗinke kunnen da waya ta yaga. Matan Yelwa sun san shi da ciro ɗan akuyar da ya zo a gicciye, makiyaya kuma sun san shi da shiga taɓo har gwiwa don saniyar da ba tasa ba. Hannayensa duk tabo ne, kuma in ka matsa masa zai gaya maka sunan mai kowane tabo da unguwarsu. Yana da wata ɗabi'a da ke ƙular da masu gaggawa. In aka kira shi, ba ya taɓa dabba nan take, sai ya tsuguna ya zuba mata ido, kai ka ce kallo aka gayyato shi. Masu dabba su yi ta tsaki a bayansa, shi kuwa ko a jikinsa.

Cikin duk abin da aka gani ya yi, zancen Kofur ne mutanen unguwar Sintali ba su manta ba.

Kofur kare ne, ja mai farin ƙirji, na Mama Keziah. Mijinta Barnabas ne ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo. Barnabas tsohon ɗan sanda ne da ya bar aiki yana sajan, ya ce tunda a gida ba wanda ke sara masa, dole ya samu na ƙasa da shi, shi ya sa ya raɗa wa karen wannan suna. Da Barnabas ya rasu, 'ya'ya suka koma Yola da Abuja wajen aikinsu, gida ya rage daga Mama Keziah sai Kofur. Shi ke raka ta bakin coci ya jira a waje, shi ke kwana a ƙofar ɗakinta. Wanda bai taɓa cin tuwo shi kaɗai wata da watanni ba zai ce ai kare ne kawai.

Shekara uku da suka wuce, cikin zafin watan Maris, tana zaune a inuwa da rana tana ɓarar gyaɗa, sai Kofur ya tashi kamar zai je shan ruwa, ya faɗi ta gefe. Ƙafafu suka miƙe, suka shiga harbin iska. Haƙora na kaɗawa, kumfa na fita, fitsari ya kwarara. Ba ciwo, ba gargaɗi, karen da ya cinye abincinsa tas da safe. Mama Keziah ta yi abin da ta ga ana yi wa mai farfaɗiya tun tana yarinya: ta ɗauko cokali don kada ya haɗiye harshe, ta ɗauko manja ko guba ya ci. Cokalin ya suɓuce, sai ta sa yatsunta. Muƙamuƙin ya rufe a kan hannun.

Ihunta ya tara maƙwabta. Abin da suka tarar shi ne kare da kumfa a baki, mace da jini a hannu. A garin nan ba a buƙatar ƙarin bayani, kowa ya ce mahaukacin kare ne. Kafin su dawo da sanduna Kofur ya miƙe, yana tangaɗi, yana karo da bango, bai ma gane mai shi ba. Ta tura shi cikin ɗakin ajiya, ta ja ƙofa, ta zauna a bakinta. Da hannun hagu ta lalubo katin rigakafin karen, inda Baba Zacchaeus ya rubuta lambarsa, ta kira.

Ya iso ya tarar da tsakar gida cike. A gaba akwai Tobias, maƙwabcinta na jikin katanga, kafinta mai 'ya'ya uku ƙanana, riƙe da guntun katako. Tobias ba mugu ba ne, kuma Baba Zacchaeus ya san haka. Ƙanen Tobias cizon kare ne ya kashe shi a ƙauye, aka ɗaure shi a gado, yana ganin ruwa yana firgita, har rai ya yi halinsa. Shi ma Baba Zacchaeus ya ga irin wannan mutuwa sau biyu, ba ya kuma fatan gani na uku. Saboda haka bai ce wa kowa ya ajiye sanda ba. Bai ma tambayi karen ba. Sabulu ya nema da bokitin ruwa, ya tsuguna ya wanke hannun Mama Keziah na kusan kwata ɗin awa, ya ce a kai ta asibiti yanzu yanzu a fara mata allura. Ta ce ai shi da kansa ya yi wa Kofur rigakafi. Ya ce haka ne, amma ba a gwaji da hannun mutum. Ta ce ba inda za ta sai an yanke maganar karen, don ta san tana juya baya za a gama da shi.

Sai ya je tagar ɗakin ajiyar ya yi abin da ya saba, ya tsaya yana kallo. Kofur na kwance yana haki, ya ɗago ya kaɗa wutsiya sau biyu. Tobias ya gaji da jira.

"Baba, ka faɗa mana gaskiya. Mahaukaci ne ko ba mahaukaci ba?"

"Ban sani ba," in ji Baba Zacchaeus.

Wallahi da ya ce ba mahaukaci ba ne, da rabin mutanen sun watse, don ana jin maganarsa. Da ya ce mahaukaci ne, da an gama a minti biyar, ya hau kekensa ba wanda zai zarge shi. Ya zaɓi amsar da ba ta yi wa kowa daɗi ba, sannan ya bi ta da sharaɗi. Ya ce karen da hauka ta kai ga yawunsa ba ya wuce kwana goma a raye. A ba shi Kofur ya tafi da shi Kona, ya ɗaure shi a tsohon garken awakinsa. In ya mutu ko ya canza hali, shi da bakinsa zai zo ya faɗa. In ya cika kwanakin lafiya, to wani abu ne daban. Mai Unguwa Salihu, da aka kira ya raba gardamar, ya yarda, da sharaɗin ranar goma a dawo da karen ƙofar gidansa kowa ya gani. Tobias ya ce in ya ciji wani kafin nan fa? Baba Zacchaeus ya ce to shi zai fara ciza.

Kwanakin nan bai zauna ba. Ya bincika gidan Mama Keziah lungu lungu, ko akwai maganin ɓera, ko jarkar maganin feshi da aka wanke a tsakar gida. Babu. Ya duba jikin karen ko akwai kaska, ya duba kansa ko an jefe shi da dutse. Ya ɗebi jini ya kai wa likitan da ke sama da shi, aka auna, ba a ga komai ba. Kofur kuwa sai cin abinci yake yana haushin kajin gidan.

Kullum da yamma Mama Keziah kan zo a keke napep, hannu a naɗe, da sauran tuwo a roba. Abin da take so suna ne, a ce mata ga cutar. Wasu sun ce mata jifa aka yi mata ya faɗa kan karen. Wata ta ce maigidan ne ke kiran abinsa. Duk ta ƙi, amma ko banza su sun ba ta amsa, shi kuwa ya hana. Ran nan ta fusata ta ce masa shekara talatin da wani abu yana aikin nan, a ce bai san abin da ya kayar da kare ɗaya ba? Ya ce e, haka ne. Abin ya yi masa ciwo, ya faɗa daga baya, don yana ganin matar tana ramewa a gabansa, kuma kalma ɗaya ta ƙarya za ta sa ta yi barci. Maimakon haka ya koya mata abin da ya sani. Kare ba ya haɗiye harshensa. Ba cokali, ba manja, don manjan na iya bi ta hanyar numfashi. A janye kujera da murhu daga kusa da shi, a dubi agogo, a tsare hannu. In abin ya wuce minti biyar, ko ya dawo a jere, a kira shi ko yana ina. In ya lafa, a sa alama a kalanda. Ta ce wannan ai zaman kallo ne. Ya ce shi ne mafi wuya.

Ranar goma ya bar keken a gida, ya tako da Kofur a ƙafa daga Kona, igiya a hannu, don duk wanda ke bakin hanya ya gani. Bayan la'asar suka iso gindin mangwaron ƙofar Mai Unguwa. An taru. Aka kawo ruwa a kwano, karen ya sha, mata suka fara dariya, wani ya ce ashe Kofur hutu ya je Kona, dubi yadda ya yi ƙiba.

Nan take, a gaban kowa, karen ya sake faɗuwa.

Kwana goma na aiki, ga shi a ƙasa yana harbin iska. Mutane suka dare, yara suka haye katanga, Tobias ya sunkuya ya ɗauki dutse. Baba Zacchaeus bai ɗaga murya ba. Ya kwance agogon hannunsa, ya taka har gaban Tobias, ya miƙa masa.

"Riƙe mini. Idona ba ya ganin siririn hannun agogon. Ka gaya mini in ya kai minti biyar."

Ba a ƙin karɓar abu daga hannun dattijo. Tobias ya karɓa da hannu biyu, kamar yadda aka koya masa, dutsen ya faɗi. Mama Keziah ta durƙusa kusa da karenta. Duk wanda ke wurin ya ga hannunta ya tafi, ya kuma ga ta dawo da shi. Ta mayar da hannayen biyu bayanta, ta damƙe bakin zaninta, hawaye na zuba, tana kiran sunansa a hankali. Can ƙafafun suka lafa. Kofur ya yi kwance yana haki, ya miƙe da ƙyar, ya yi tangaɗi, ya koma kan kwanon ya shanye sauran ruwan, sannan ya zo ya ɗora kansa a cinyarta.

Tobias ya daɗe yana kallon kwanon.

"Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in," in ji shi. Ya miƙa agogon. "Ƙanena ko kallon ruwa bai iya yi ba."

Da wani ne, da ya karɓi nasarar ya bar zancen haka. Baba Zacchaeus sai da ya gyara masa, ya ce shan ruwan ba shi ne shaida ba, kwana goman ne shaida, kada gobe wani ya ga kare na shan ruwa ya saki jiki. Ya ƙara da cewa duk wanda kare ya ciza, sabulu da asibiti, ba jira. Mai Unguwa ya ce an ji, a mayar wa Mama karenta.

Kofur na nan da ransa. Yakan faɗi bayan wata biyu ko uku, likita ya rubuta masa ƙwaya, kalandar cocin da ke ɗakin Mama Keziah duk ta cika da alamun biro. In abin ya zo, ba ta ƙara yin ihu ba. Katanga take bugawa, Tobias ya ajiye zarto ya shigo da wayarsa ya duba mata lokaci.

Baba Zacchaeus, kai ne ka tsaya tsakanin mace mai kare ɗaya da mutum mai 'ya'ya uku, ba ka raina tsoron kowa ba. Kai ne ka fara da hannun mutum kafin ka dubi dabba. Kai ne aka matsa ka faɗi abin da ba ka sani ba, ka ƙi, ka ɗauki kunyar a kanka. Mai baƙin keke na Kona, mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar maka ƙarfin gwiwoyin nan da suka sha tsuguno. Ku kuma da za ku gaji kular nan, da duk mai aikin da ake kira a firgice, ku koyi tsayawa ku duba kafin ku taɓa, ku koyi faɗin iyakar saninku ko da za a yi muku tsaki.

Makon jiya na same shi a gidan Mama Keziah, ya zo yi wa Kofur rigakafinsa na ƙarshe a matsayin ma'aikaci. Na tambaye shi ko a shekara ukun nan ya gano abin da ke kayar da karen. Ya rufe kularsa, ya ɗaure robar.

"Har yau ban sani ba," in ji shi.

Mama Keziah ta yi dariya, ta miƙa masa ruwa da hannun nan mai tabo. Kofur na kwance a kan ƙafarsa, ya hana shi tashi.