Kan da Na Girgiza a Gaban Surukata

Shekarata ashirin da huɗu a lokacin, ina aure a Ƙofar Ran, a babban gida mai sassa biyar. Ni 'yar ruga ce daga bayan Zungur, an raine ni a kan fulako, irin kunyar da ko yunwa za ta kashe ki a gidan surukai sai ki ce kin ƙoshi. Ina alfahari da hakan kuwa. In matan gidan suna tsokanata cewa Bafulatana ko ƙaya ta taka murmushi take yi, daɗi nake ji har raina. Mijina fataucin shanu yake yi zuwa Kudu, yakan yi sati uku bai waiwayo gida ba. Shekara shida muna tare ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, sai a ta bakwai Allah ya dube ni. Shi kaɗai na faɗa wa, shi ma ina kallon bango. A wurinmu cikin fari ba a maganarsa, balle a gaban uwar miji.

Cikin ya haura wata huɗu na fara jin wasu 'yan tsiro masu kaushi a gabana. Kafin wani lokaci sun yaɗu sun cunkushe, ga ƙaiƙayi, in na yi tsarki har jini nake gani. Ban fara zuwa awo ba, don a ganina zuwa awo shela ce. Mijina kuma yana hanya. Surukata, wadda duk gidan muke kira Dada, ita ta lura tafiyata ta sauya. Ta tsare ni a madafi, na ce mata ƙuraje ne a wurin da ba a faɗa. Ba ta ƙara tambaya ba, ta yafa mayafinta ta ce mu je kemis ɗin bakin titi.

Ba zan ɗora wa mai kemis ɗin abin da bai yi ba. Da Dada ta yi masa bayani a kaikaice, cewa ya yi asibiti ya fi, ita kuma ta ce ba za ta kai matar ɗanta a buɗe ta ba alhali ba ya gari. Ya ɗauko wata 'yar kwalba mai ruwa baƙi-baƙi, ya riƙe bai miƙo ba. Ya dube ni ya tambaya ko ina da juna biyu, domin mai ciki ba ta taɓa wannan magani. Dada tana tsaye dab da ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sunkuyar da kai na girgiza shi. Ya sake tambaya, na sake girgizawa. A raina cewa na yi ai shafawa ce ba sha ba, ina ruwan fata da abin da ke ciki.

Ya ce a ɗan ɗiga a kan tsiron kaɗai, a wanke bayan 'yan awoyi, sau ɗaya a sati. Ni kuwa so nake su ɓace kafin mijina ya dawo, sai na riƙa laftawa kullum, ban damu da wankewa ba. Garin gyaran gira na rasa ido. A kwana na huɗu wurin ya saɓule, amai ya ƙi tsayawa, ƙafafuna suka yi nauyi kamar ba nawa ba. Ɗan motsin da na fara ji a waɗannan kwanaki, wanda nake ɗora hannu a kansa in ba kowa a ɗaki, shi ma ya yi shiru. A keke mai ƙafa uku aka kwashe ni zuwa asibiti. Da aka yi hoto, aka ce zuciyar ɗan cikin ta tsaya. Namiji ne.

Likitar da ta duba ni mace ce, ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce wata ƙwayar cuta mai suna HPV ke kawo tsiron, ta saduwa ake ɗauka, kuma tana iya kwanciya a jiki shekaru ba a sani ba, don haka kada in zargi kowa. Ciki ne ya sa suka yi saurin yaɗuwa, sau da yawa ma sukan ragu bayan haihuwa. Ta ce da na zo tun farko, akwai hanyoyin da ba sa cutar da jariri: a daskarar da su da sanyi, ko likita ya ɗiga wani ruwa dabam da hannunsa, ko a cire su. Na tambaye ta ko maganin ne ya kashe mini ɗa. Ta ce ba za ta rantse ba, amma ba za ta iya wanke shi daga zargi ba. Bayan na warke, zuwa uku na yi aka daskarar da su, kowane zuwa bai kai tsawon dafa shayi ba. Na fi yin kuka a kan wannan sauƙin fiye da komai.

Tun ina kwance a asibitin, Dada ta zauna a ƙarshen gadona tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Ta ce ta sani tun cikin yana wata biyu, tun ranar da ƙamshin man shanu ya kore ni daga madafi. Har zanen goyo ta saya ta ɓoye a adakarta. A kemis jira take in buɗe baki, da na girgiza kai sai ta ga ba za ta kunyata ni a gaban namiji ba, ta yi shiru. Mu biyu mun sani, mu biyu muka yi wa juna kara. Mijina da ya dawo cewa ya yi haka Allah ya ƙaddara. Sau ɗaya tak ya tambaye ni ko mai maganin bai tambaye ni ba. Har yau ban ba shi amsa ba.

Shekara huɗu ke nan, ban sake samun ciki ba. Na yarda da ƙaddara, amma na san inda hannuna ya shiga. 'Yan uwana mata, tsiron gaba ciwo ne mai magani, ku je asibiti a duba ku, kada ku yi wa kanku likitanci a ɗaki. Duk mai ba da magani da ya tambaye ki ko kina da ciki, faɗa masa gaskiya ko a gaban wa kike tsaye. Ku kuma iyaye, in kun sani ku faɗa, kada ku jira mu. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ni tawa kunyar ta zarce nan, ko sunan ban bari an raɗa masa ba.