Gefen da Terhemba Ya Manta

Terhemba Ugondo yana da shekara sittin da biyu, matarsa ta rasu, kuma shi ne mai hoto mafi daɗewa a layin bayan kasuwar Lafiya. Ya buɗe shagonsa a 1996, lokacin da garin ya zama babban birnin jiha, sababbin ma'aikata na tururuwar neman hoton fasfo.

Ba ya son filasha. Da hasken taga ɗaya yake aiki, da kujera marar jingina. Yakan daɗe yana kallon mutum tukuna, domin a cewarsa kowace fuska tana da gefen da ya fi. Mai faɗin fuska sai ya juya shi kaɗan, inuwa ta cinye kunci ɗaya. Mai kitse a wuya kuwa, sai ya hau benci ya ɗauke shi daga sama. Matarsa Ngodoo ce ke tsayawa a ɗaya ɓangaren da farin kwali, tana mayar da hasken taga kan fuska, don kada ƙarƙashin ido ya yi duhu. Da ta rasu a 2004, ya ɗaure kwalin a jikin wata kujera, ya ajiye a inda take tsayawa.

Yanzu matasa sun koma hoton waya. Masu zuwa galibi tsofaffi ne daga Ashige da Arikya, masu neman hoton da za a manna a fastar jana'izarsu.

A watan jiya 'yarsa Iveren ta bugo daga Makurɗi, ta ce ya aiko da hotonsa, ƙaramin jikansa bai san fuskarsa ba. Ya bincike shagon kaf, bai samu ko ɗaya ba. Da ya hau kujerar ɗaukar hoton, sai ya rasa inda zai juya. Ngodoo ta taɓa faɗa masa gefensa, shi kuma yana ta fama da fim ɗin kyamara, bai riƙe ba.

Ya kira maƙwabcinsa Nababa tela ya zo ya ɗauke shi.

"Nababa, wane gefe ne ya fi a fuskata?"

"Oga Terhemba, ai duka biyun sun tsufa."

"Duba da kyau mana."

"Na duba. Na hagu ya fi na dama shan wahala. In danna, ko in koma bakin kekena?"

Terhemba ya daidaita kyamara, ya nuna masa maɓallin, ya zauna. Dokarsa ita ce a fuskanci taga. Ya fuskance ta, ya ɗan jima, sannan ya juya wajen kujerar da kwalin yake.

"Kai mai cewa a kalli haske?" in ji Nababa.

"Danna kawai."

Hoton ya fito da duhu, sai ɗan hasken kwalin a ƙarƙashin idanunsa. Bai sake wani ba. Ranar Talata ya sa shi a ambulan, ya kai tasha, ya miƙa wa direban Makurɗi.